Huda Uku a Farantin Orrin

Orrin Keech mijin yayata ne, kuma shekara arba'in da ɗaya na yi ina jin haushinsa, ina kuma bin bayansa cikin daji. Direban motar katako ne a nan tsaunukan arewacin Pennsylvania har ya yi ritaya. Dogo ne, ba yawan magana, ga taurin kai na ƙin ƙarawa. Tun ranar da ya auri yayata Wanda nake “yaro” a bakinsa. Na yi furfura, na yi jikoki, amma ban tashi daga yaro ba.

A iya sanina bai taɓa sayen harsashi a kanti ba. Wai na kanti na malalata ne. Yana da teburi a ɗakin ƙasa na gidansa, da ɗan sikeli, da injin matsi na hannu. Ya tsince kwanson tagulla bayan harbi, ya goge shi tas, ya auna albarushi ya zuba, ya ɗora sabon kai ya matse. In ka ga yadda yake auna albarushin nan sai ka ce maganin jariri yake haɗawa. Ko tari ka yi kusa da sikelin sai ya harare ka.

Mu shida ne muke da bukkar farauta a bayan tsauni, kuma Orrin ne ya kafa mana dokar faranti. Kowace shekara, ranar Asabar kafin a buɗe farautar barewa, ana liƙa farantin takarda irin na cin abinci a nisan yadi ɗari. Mutum ya zauna a ƙasa, gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa kamar yadda zai zauna a daji, ya yi harbi uku. In ukun sun huda farantin, ya fita farauta. In ko ɗaya ya kuskure, bindigarsa ta kwana a kan ƙusa, shi kuma ya dafa wake ya wanke kwanuka har mako ya ƙare. Faɗin farantin shi ne faɗin ƙirjin barewa, inda harbi ɗaya ke kashe ta nan take. Bayan haka kowa ya rubuta sunansa a farantinsa, a kafe shi a bangon bukka.

Sau ɗaya tak ya gaya min dalilin dokar. Yana ɗan shekara sha tara ya harbi wata barewa a ciki. Kwana biyu yana bin jininta a kan dusar ƙanƙara, ya tarar da ita kwance a bakin rafi da sauran ranta, tana kallonsa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya koma shan kofinsa.

Ni ma dokar ta taɓa cina. Wata shekara harsashina na uku ya tsaga gefen farantin. Na ce ya shiga, Orrin ya ce tsaga daban, huda daban. Na yi rantsuwa, na yi zagi, na tuna masa ƙanen matarsa ne ni. A banza. Na yi mako guda ina tuƙa tukunyar wake, Wanda kuwa duk yamma ta shigo da sanyi a kumatunta ta ce, “Sannu da aiki uwargida, me aka dafa mana?”

Ita Wanda shekara talatin tana harbin faranti, ba ta taɓa faɗuwa ba. Bindigarta ƙarama ce, irin wadda ake ja wa sakata da hannu bayan kowane harbi don a fitar da kwanso a cusa sabon harsashi. Akwai wani faffaɗan dutse a gangaren gabas inda take zama, har muka sa masa suna Dutsen Wanda. Ciwon ƙugu ya raba ta da daji shekara goma kafin rasuwarta. Ta rasu cikin watan Maris, Orrin yana da saba'in da huɗu. Bai yi kuka a jana'iza ba, ni kuma na daɗe ina riƙe da wannan a raina.

Cikin Satumba ya kira ni a waya ya ce in zo. Na sauka ɗakin ƙasa, na tarar da bindigar Wanda a warware a kan teburi.

“Tawa ta yi min nauyi, dukan kafaɗa take,” in ji shi, bai ko ɗago kai ba. “Bana da wannan zan fita. A kan dutsenta zan zauna.”

“Ai ta yi maka gajarta, tsoho. Hannunka kamar na biri.”

“Riƙe min fitilar nan, yaro, ka rage surutu.”

Nan na gane inda kukansa ya tafi. Ya ƙara wa gindin bindigar roba don ta kai tsawon hannunsa. Ya kankare icen da ke ƙarƙashin bututun a hankali don kada ya taɓa ƙarfen, yana zura takardar dala ɗaya tsakaninsu, har ta wuce daga farko zuwa ƙarshe ba ta maƙale ba. Na ce ya sayi sabon madubin saiti, na Wanda ya tsufa, ba ya ma nuna huda daga yadi ɗari. Ya ce da shi ta ga duk barewar da ta ci, don haka ya ishe shi. Ya ɗaure masa ƙusoshi kawai.

Sai ya shiga haɗa harsasai, kashi biyar, kowane kashi albarushinsa ya ɗan ɗara na baya. Don kada su cakuɗe, yana ɗiga wa gindin kwanson jan farcen Wanda, ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, har biyar. Kwalbar ya samu a banɗaki, ta kusa bushewa.

A nan na fara ganin hannunsa. Ya ɗauko ɗan kaskon sikeli zai juye albarushi a kwanso, sai kaskon ya yi ta karkarwa, ƙwayoyi suka zube a teburi. Ya share da gefen hannu.

“Teburin nan ya fara rawa,” ya ce. “Sai na sa masa katako a ƙafa.”

Teburin nan a jikin bango yake kafe.

Duk Oktoba muna zirga-zirga zuwa tsohon ramin tsakuwa da ke bayan gonarsa. Gwiwoyinsa sun lalace, saboda haka ni ke tafiya in ciro takarda in liƙa wata. Makon farko harsasai suka watse ko'ina. Ya ce iska ce. Mako na biyu ya ce albarushin ya sha danshi, ya buɗe sabon gwangwani. Ya zargi icen, ya zargi madubin, har ni ya zarga wai inuwata na faɗa masa a ido. A mako na uku ya ɗora bindigar a kan buhunan yashi gaba da baya, ya danne ta, ya gwada masu ɗigo uku. Na kawo masa takardar. Hudojin uku sun haɗu wuri guda, marfin kwalba zai rufe su.

Ya yi dariya, ta farko tun Maris. Ya shafa icen bindigar ya ce, “Ai na san ba ki manta ba.”

Na taya shi murna da baki kawai. Yashi ne ya riƙe bindigar. Ranar faranti kuwa ba buhun yashi.

Ana gobe Asabar ɗin gwaji ya ce in zo mu yi nasa, mu biyu kawai. Mutumin da shekara da shekaru shi ke fara harbi a gaban kowa, yana yi wa sauran tsiya. Ban tambaye shi dalili ba, don na sani.

Da hantsi muka isa ramin, sanyi na cizon kunne. Na liƙa farantin na dawo. Ya cusa harsashi uku, ya miƙo min na huɗu ya ce in riƙe masa, na jefa a aljihu. Da ƙyar ya kai ƙasa ya zauna. Ya ɗora gwiwar hannu, ya kai ido ga madubi. Ni ban kalli faranti ba, bakin bindigar na kalla, yana ta kewaya a iska. Ya daɗe sosai kafin ya danna kunama. Ya ja sakata, kwanso ya faɗo. Na biyu ya fi daɗewa. Kafin na uku sai da ya sauke bindigar ya goge ido da bayan hannu.

“Je ka ɗauko,” ya ce.

Yadi ɗari ba ta taɓa yi min nisa kamar ranar ba. Na isa, na tarar da huda ɗaya, can kusa da gefe. Na duba sama, na duba ƙasa, na juya farantin, ba ƙari. Na tsaya na ba shi baya. Na tuna jan farcen nan, na tuna dariyarsa, na tuna cewa in bai zauna a kan dutsen nan bana ba, babu wata shekarar. Hannuna ya shiga aljihu, ya taɓo harsashin da ya ba ni. Na kafa tsininsa a tsakiyar farantin na danna, na matsa kaɗan na sake dannawa. Faɗin hudar ya yi daidai, tunda harsashin bindigar ne. Har wani daɗi na ji wai na yi wayo.

Tun daga nesa na ɗaga masa farantin. “Uku cikin uku, tsoho! Ka tsira daga wanke-wanke!”

Fuskarsa ta washe. Wallahi na ga hakan, kuma shi ne abin da ya fi damuna har yau. Ya karɓa, ya sa tabarau, ya juya farantin wajen haske. Ya bi hudojin da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sai murmushin ya ɓace.

“Yaro, shekara nawa kana harbi?”

“Arba'in da ’yan kai.”

“Kuma har yau ba ka san harsashi yana barin zoben toka a bakin hudarsa ba? Dattin bututu yake gogewa a takarda. Dubi wannan ta gefe. Yanzu dubi naka biyun, fes kamar rigar zuwa coci.”

Kunya ta kama ni, sai ta koma fushi, yadda ta saba yi min.

“Kai da dokarka ta banza! Kai ka kafa ta, kai za ka sauke ta. Shekara ɗaya tak, Orrin. Wa zai sani? Ni dai bakina a rufe.”

“Barewar da zan harba a ciki, ita za ta sani.”

“To ka je ka zauna kawai, kada ka harba!”

“In barewa ta fito gabana da harsashi a bindiga, zan harba. Na san kaina.” Ya kalli hannunsa a kan gwiwa. “Da yayarka ce ta je, da ta dawo ta ce min ɗaya ne, ta yi min tsiya har gida. Kai kuwa tausayina ka ji. Ban san na kai nan ba sai yanzu.”

Muryarsa ta karye a kalmar ƙarshe. Ban san lokacin da na zauna kusa da shi a kan tsakuwa ba. Ga mu tsofaffi biyu, shi yana kukan da bai yi a jana'iza ba, ni ina kukan abin da na yi masa.

Da ya nutsu, sai ya danna wani ɗan maɓalli a gefen bindigar, ya zare sakatar gaba ɗaya, ya sa min a tafin hannu. Bindiga in ba sakata, sanda ce kawai.

“Ko na roƙe ka, kada ka ba ni,” ya ce.

Ranar Litinin da aka buɗe farauta, da sassafe ya rataya bindigar Wanda a kafaɗa haka nan ba sakata, ya kama hanyar gangaren gabas yana ɗingishi. Sauran mutanenmu suka dube ni. Na yini a wurin zamana da ƙarfen nan a aljihu, sanyinsa na ratsa min cinya. An yi ta harbi ta ko'ina a tsaunin, amma daga gabas shiru.

Da yamma ya dawo, ya rataye ta a ƙusa, ya ɗaura ƙyallen girki, ya hau yanka albasa. Ina tsaye kusa da shi ya ce, “Ya zo. Namijin barewa, mai rassan ƙaho takwas, yadi arba'in bai kai ba. Na sa shi a madubinta. Saitin na yawo daga kafaɗa zuwa ciki, daga ciki zuwa ƙasa.” Ya tura albasa cikin tukunya. “Da a ciki zan same shi. Miƙo min gishiri.”

Ya dafa mana wake mako guda, wake mafi muni da na taɓa ci, kuma kowa ya cinye nasa. Bai ga wata farautar ba. Ya rasu a watan Agusta mai biyowa, a kujerarsa da rana tsaka. Sakatar tana cikin aljihun teburina, ita da harsashin nan mai ɗigon jan farce uku. Bai taɓa roƙona ita ba.

Farantin kuwa da hannunsa ya kafe shi a bangon bukka, kusa da na Wanda na ƙarshe. Rubutunsa a karkace saboda karkarwa: “Orrin Keech, ɗaya cikin uku.” Duk baƙon da aka kawo bukkar sai ya tsaya gabansa ya ƙirga da yatsa, ya juyo ya ce ai huda uku ne, me ya sa aka rubuta ɗaya? Na sha yin niyyar in ce tsoho ne ya ruɗe. Amma ƙarya ɗaya a kan farantin nan ta ishe ni. Sai in ce masa ya matso ya nemi zoben toka, ta gefen ita ce ta Orrin, biyun tsakiya nawa ne.