Garin Kafso a Kindirmo

Halimatu ba ta taɓa cewa wash a gaban mutum ba. A rugarsu da ke yamma da Urafane ta haifi 'ya'yanta, ta binne miji, ƙwaryar nono ba ta bar kanta ba. Sai bana sanyin ƙashi ya kama mata kafaɗu da cinyoyi. Da safe takan tashi kamar an ɗaure ta da igiyar guga.

Wani lokotoro a asibitin Mayahi ya taɓa ba ta kafso irin na kashe ƙwayoyin cuta, ya ce yana rage kumburi ma, amma ta dawo a duba ta. Ba ta koma ba, tunda mai tebur a kasuwa yana da mai kama da shi, ja da rawaya. Lokotoron ya hana sha da nono. Ita ta ɗauki wannan a rashin sani irin na mutanen gari. Takan ɓare kafson ta zazzage garin a kindirmo ta shanye, ciwon kuwa yana nan.

Rabilu, ɗanta na fari da kunya ta hana ta kiran sunansa, ya riga ya yanke magana: ranar da ta kasa aikin nono zai haɗe shanunta da nasa, ita ta koma gari wurin ƙanwarsa. Tausayi ya kira abin.

Ran kasuwa sai ga shi a bakin garke, sanda a wuya.

"Inna, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau," ta ce, tana kallon saniya.

"Nasiba ta ce jiya ita ta ɗaura miki kallabi."

"Matar taka da za a tatsi bakinta, da Urafane ta ƙoshi."

Bai yi dariya ba. Ta gama tatsa, ta ɗora gammo, ta durƙusa ta kama ƙwaryar kasuwa. Ta kai gwiwa. Ta kai ƙirji. Nan kafaɗun suka ƙi, nonon na lasar bakin ƙwarya. Taku ɗaya Rabilu zai yi ya ɗora mata, kamar yadda ko baƙo mai wucewa yake yi. Ta saurari takun. Bai motsa ba.

Ta sauke a hankali, ko ɗigo bai zuba ba.

"Kira matarka ta kai kasuwa," ta ce.

Ya riga ya sunkuya yana kwance maruƙanta daga igiyar dangwali, zai haɗe su da nasa.