"To" Ɗin Da Na Ce Wa Kwamfuta

Wautar da na tafka shekarun baya, ko jikokina ban so su ji ba, amma ku ga ta nan.

Ni tela ne a Gwandu. Bokona bai wuce rubuta sunana ba, shi ma sai biro ya ga dama. Abokina ɗan kwangila na Kalgo ya samo aikin ɗinka wa sojoji buhunan da suke cikawa da yashi a shingen hanya, ya miƙo mini. Ya ce, "Aikin ga sunana ne a kai. In ya ɓaci, ba su sake kirana."

Da can, in za a sauya wani abu a kwangila, mutum ake turowa kan babur, ya zauna, a sha fura, ya yi maka bayani. Wannan karon anka ce an daina. Kwamfuta ce za ta riƙa turo saƙo a wayar mai ɗinki, shi kuma ya danna lamba ɗaya. Ni na ɗauka ɗayan nan "to" ce. Kun dai san "to" ɗinmu: na ji ka, sauran magana sai mun haɗu. Sau uku saƙo ya shigo da Turanci, sau uku na ce mata to. Ga maƙwabcina malamin makaranta, mutumin Zuru, da zai karanta mini, amma girman kai ya hana.

Ranar da munka kai kaya Kalgo, sajan mai karɓa ya ɗaga buhu ɗaya.

"Baba, kore ka ɗinko?"

Na ce, "Soja ai kore ne."

"An mayar da shi ruwan ƙasa. An ƙara tsawo. An ce a sa igiya a baki. Duk ka amince." Ya juyo mini kwamfutar, ga rana, ga awa, har minti.

"Yallaɓai, 'to' na ce mata, ban ce na yarda ba! Kira mini ita mu yi magana."

"Ba a magana da ita, Baba."

Abokina ya dafe kai. "Tsohon banza, ka kashe ni da ɗan yatsa guda!"

Kwana goma anka ba mu mu ɗinko sababbi. Na taka keken ɗinki har ƙafata ta kumbura, sunan abokina ya tsira da ƙyar. Korayen kuwa manoman Dalijan sunka kwashe suna zuba albasa.

Har gobe abin na cina. Ina laifin a turo mutum? Mutum zai dubi fuskarka ya gane ba ka fahimta ba. Ita kuwa ba sallama, ba gaisuwa, sai ajiye shaida.

Ina cikin wannan mitar a gida, mai ɗakina tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Malam, shekara talatin ina maka magana kana ce mini 'to'. Yau dai ka gamu da mai rubutawa."