Ruwan Ɗorawa a Kan Baƙar Abaya

Safiyar wata Asabar ce, ranar da makon makaranta ke farawa a wancan zamanin, cikin kwanakin tsakiyar sanyi da mutanen Madina ke kira Marba'aniyya, a shekarar da na shiga ajin farko na mutawassiɗa, wato ƙaramar sakandare, na fara sa abaya. An kwana ana ruwa, wutar lantarki ta ɗauke a unguwarmu ta Harra ta Gabas tun kafin assalatu, babu haske a gidanmu sai na fitilar ƙwai da ke rawa a bakin ƙofa. Ina tsaye rungume da jakar littattafai, kakata kuma tana zagaye ni tana yafa mini zanenta a kan abayata, tun daga kafaɗa har gwiwa, ta kawo bakinsa ƙirjina ta ƙulle tamau. Atamfa ce ruwan ɗorawa mai jajayen furanni manya kamar faranti. Iskar da ke shigowa ta ƙasan ƙofa tana yanka ƙafa kamar reza, amma fuskata zafi take yi, domin na san idanun da ke jirana a bakin hanya.

Sunan Kaka aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kirana da komai ba sai Takwara. Tana yarinya ta baro ƙasar Katsina tare da iyayenta, suka ratso Sudan a ƙafa da bayan jaki, suka sauke farali, suka zo ziyara Madina, daga nan ba su ƙara ɗaga ƙafa ba. Gidanmu na baƙin dutse ne da laka, a saman soro akwai awaki da tattabaru. Babana yana fita gyaran mota a unguwar Sulɗana tun da duhu, mahaifiyata tana fama da ƙannena, ni kuwa ta Kaka ce. Sana'arta suyar gyaɗa. Da yamma ni ke ɓare mata, in sheƙe, in tankaɗe yashin suya, in naɗe takarda kamar mazurari muna zubawa. In mun gama in haura in watsa wa awaki ɗanyar ciyawar barsim, in sauko mu yi carafke da ƙwallayen dabino ni da 'yan maƙwabta har a kira magariba. Tana yi mini Hausa ina amsa mata da Larabci, ta ce harshena ya yi tsatsa, in yi dariya.

Sanyin Madina bai taɓa zama wa Kaka jiki ba. Takan ce a ƙasarsu ruwa da ɗari ba sa gamuwa, kowa da watansa, amma a nan sun haɗa baki. Don haka ta shimfiɗa mini dokokin jiran bas, kullum sai ta maimaita su kamar karatun allo. Ba na fita sai na shanye kunun gyaɗa mai zafi. Tana ƙulle mini gyaɗar da ta sauko daga wuta a tsumma in sa a aljihu, in riƙa ɗumama yatsu. Kada in tsaya a kwari in an yi ruwa, domin ambaliya ba ta sallama. In hau tudun duwatsun da ke gefen hanya. Kada in jingina da katangar laka da ta jiƙe. Kada in matsa kusa da kaskon garwashin mai kanti, yadin abaya da wuta ba su da amana. In riƙa motsa yatsun ƙafa cikin safa, in kuma bar hannu ɗaya a waje ko da santsi zai ɗebe ni. Duk waɗannan na karɓa ba musu. Zanen ne kaɗai ya tsaya mini a wuya.

Yana da dalili. Shekarar da ta gabata, wata maƙwabciyarmu Hajiya Mairo tana dawowa daga sallar asuba ana yayyafi, motar ruwa, wadda muke kira wayit, ta banke ta a bakin layinmu. Ƙugunta ya karye, ba ta ƙara takawa ba. Direban ya zauna a ƙasa yana kuka yana rantsuwa bai ga mutum ba, duhu kawai ya gani. Kaka na cikin waɗanda suka ɗauke ta. Tun daga ranar take cewa, "Baƙin tufa a baƙin dutse cikin baƙin dare, sai Allah kaɗai ke ganinsa." Da na isa sa abaya, ta buɗe akwatinta ta zaɓo zanen da ya fi kowane ihu.

Ni kuwa a shekarun nan ba abin da nake so kamar in ɓace cikin jama'a. Na yi murna da abaya domin ta mai da mu duka ɗaya, 'yar mai kantin zinariya da jikar mai gyaɗa, ba a bambancewa daga nesa. Sai ga zanen yana shela tun daga ƙarshen layi cewa ga Takruniyya nan tafe, kamar yadda suke kiranmu in ana son a tuna mana asali. Ga shi da ƙamshin hayaƙi da gyaɗa wanda wanki bai fitarwa. Wadda ta fi matsa mini ita ce Fauziyya, 'yar ajinmu, alhali kakarta 'yar Damagaram ce, tare suke zuwa suna da biki da tawa. Fauziyya ba ta taɓa yarda an ji Hausa a bakinta ba. Da ta hango ni sai ta ce da Larabci, "Ku matsa, ga rana ta fito," sauran su tuntsire. Ba ni da halin cirewa, domin Kaka tana hawa soro duk da ciwon gwiwarta, ta tsaya cikin awaki tana kallona har in shiga bas. Ina shiga nake tuɓe shi in cusa a ƙasan jaka, in manna goshina da labulen taga har mu isa.

A wannan safiyar ruwan ya dawo da ƙanƙara, tana dukan ka kamar ana jifa da tsakuwa. 'Yan matan ba su hau tudun duwatsun da muka saba tsayawa ba, sun fake a ƙarƙashin rumfar wani kanti da ba a buɗe ba, daf da bakin hanya. Na bi su, na lallaɓa can baya inda ba za a hango ni daga bas ba. Rumfar ba ta ishe mu ba, feshi yana dukan na gaba. Sai Fauziyya ta kamo kafaɗata ta turo ni waje tana cewa mai bargo ita ta dace da bakin ruwa. Na tsaya a gabansu, haƙorana suna haɗuwa, gyaɗar aljihuna ta huce, ina kallon ruwa yana gudu a kan hanya ja kamar shayi da madara.

Direbanmu Ammu Salih dattijo ne mai taushin hali, matarsa tana zama a kujerar bayansa kullum, kamar yadda aka saba a motocin 'yan mata. Daga baya muka ji cewa ya ɗauka muna kan tudu, sai ya yi niyyar raɓawa ta jikin rumfar don ya kauce wa ramin da ruwa ya cika. Ni dai abin da na gani fitilu biyu ne sun baro tsakiyar hanya sun nufo mu, suna girma. Babu wadda ta motsa. Sai ƙarar burki, tayoyin suka ja cikin taɓo, motar ta karkace, ta zo ta tsaya har ina jin ɗumin injinta a gwiwata. Wata ta cakumi zanen ta baya da hannu biyu tana ihu, "Wayyo Allah, Inna! Riƙe ni!" Na waiga, Fauziyya ce. Ammu Salih ya sauko rawaninsa a warware, yana ta salati. Ya nuna ni da yatsa ya ce wallahi bai ga rumfa ba, bai ga kowa ba, wannan rawayan kaɗai ya gani.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Matarsa ta kai labari wurin shugabar makaranta. A layin safe, bayan an yi karatun Alƙur'ani, aka kira sunana da lasifika. Aka ce in ɗauko zanen. Na zaro shi daga ƙasan jaka, jiƙaƙƙe, duk ya cukuikuye, ɓawon gyaɗa manne a jikinsa. Shugabar ta yafa mini shi da hannunta, ta juya ni dama, ta juya ni hagu, tana yi wa makaranta gaba ɗaya bayani cewa daga gobe duk mai jiran bas da duhu ta ɗora wani abu mai haske a kan abayarta. Da kyakkyawar niyya ta yi, har ta shafa kaina. Amma ta tambaye ni a gaban kowa wace ce mai wannan hikima, na ce kakata, ta ce me take yi, na sunkuyar da kai. Wata daga layin baya ta amsa mata, "Gyaɗa take sayarwa, Abla." Haka muke kiran malamai mata. Dariyar ba ta yi ƙarfi ba, ta dai bi layuka a hankali kamar iska cikin ganyen dabino. Na kafa ido a kan takalmina, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Da na koma gida na tarar da Kaka a kwance, zazzaɓi ya rufe ta. Ashe daga soro ta ga komai, ta sauko a guje ba takalmi, kafin ta kai bakin layi cikin ƙanƙara bas ya tashi. Ban tambaye ta jiki ba tukuna, kuka na fasa mata, na ce an mai da ni abin kallo, har an laƙaba mini Ummu Asfar, mai rawaya. Ta saurare ni har na gama, ta jawo ni cikin bargonta, hannunta zafi kamar yashin suya. Ta ce, "Takwara, gara a gan ki a yi dariya, da a rasa ganinki a yi kuka." Sai ta ce in shanya zanen kusa da murhu don ya bushe kafin gobe. Washegari 'yan mata suka fito da fararen gyale da tawul a kafaɗa, masu kyau, na kanti. Ni kaɗai ce ruwan ɗorawa har sanyi ya wuce, sunan kuma ya bi ni har na gama makarantar. Fauziyya ba ta ƙara tsokanata ba, ba ta kuma ƙara yi mini Hausa ba, sai dai in mun haɗa ido ita ma ta sunkuyar da kai.

Yanzu an shimfiɗa kwalta a layinmu, an kafa fitilu, an rushe rumfar, yawancin yara ma iyayensu ke kai su a mota. Kaka tana kwance a maƙabartar Baƙi'a kamar yadda ta daɗe tana roƙo. Ni ce yau nake tsayawa a ƙofar makaranta da safiyar sanyi, ana ce mini Abla, ina duban ƙananan baƙaƙen inuwoyi suna tsallaka hanya, gabana yana faɗuwa har su shigo. Zanen yana ƙasan akwatina, ya koɗe, ƙamshin hayaƙin ya kusa ƙarewa. Har yau in na buɗe shi sai fuskata ta ɗauki zafi kamar ina tsakiyar layin safe, na kasa rabuwa da wannan kunyar. Amma in an tashi da ruwa na fita cikin duhu, nakan ɗaga kai in dubi saman soro. Babu kowa a can yanzu da ya damu a gan ni.