Neman Duhu a Tudun Ɗinya

Kura, kafin asuba

Ƙarfe huɗu ba ta cika ba Nura ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya ce Inna, a-daidaita ta iso. Ni da ko ƙofar gida ba na leƙawa sai biki ko gaisuwa, sai ga ni da mayafi da ƙunshin tsaraba tun zakara bai yi cara ba. To ku da kuka dame ni da tambayar ina na je har na kwana, na bar tukwanen turara shinkafata a kife, ku gyara zama ku ji.

Nura shi ne autana, yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandare. Tun yana yaro in aka aike shi da dare da tuntuɓe yake dawowa, don sama yake kallo yana tafiya. Da ya girma ya samu madubin hangen nesa, wani farin bututu mai ƙafafu uku, yana liƙa masa kyamara a gindi yana ɗaukar hoton taurari. A kakar nan aka ce tauraro mai wutsiya ya bayyana ta yamma, bayan magariba yake fitowa, ba ya daɗewa ya faɗi. Yaron nan ya yi ta fama a bayan gida. Yau hadarin ƙarshen damina, gobe fitilun injinan casa, jibi hayaƙin murhuna. Tauraron kuwa kullum dusashewa yake, kuma ya ce in ya tafi ko jikokin jikokinmu ba za su gan shi ba. Asabar ɗin nan in bai samu hoton ba, shi ke nan.

Duhun da yake nema yana Tudun Ɗinya, can bayan Bunkure, garin surukansa. Matarsa Zainabu tana jego a gidanmu, sai ta buga wa mahaifiyarta waya ta ce ga Nura nan zuwa ɗaukar hoto bayan magariba. Shi kuma ya ce ba zai iya kwana gidan surukai shi kaɗai ba. Ni ma dama ban je musu ban-gajiyar suna ba, sai na ce mu je.

Kadawa

Mai a-daidaitar sunansa Ɗan'asabe, maƙwabcinmu ne. Muka ɗauki hanyar Zariya, ni a baya rungume da bututun nan a cikin bargo kamar jinjiri. Duk ramin da muka faɗa sai Nura ya waiwayo. Na ce masa ni ko shi kake dubawa? Ya yi dariya bai amsa ba, na gane amsar.

A Kadawa muka sauka daga kwalta muka tsaya bakin kanal, babbar hanyar ruwan nan ta masu noman rani. Kwaɗi na ta kuka, ƙamshin shinkafa da ta nuna ya cika wurin. Ashe abin da ya fito da mu da sassafe ke nan: akwai wani jan tauraro da Nura ke bibiya, ba nisa da Kaza da 'Ya'yanta. Wai haskensa ba ya zama ɗaya, wani lokaci ya ƙaru, wani lokaci ya ragu. Shi kuma yana ɗaukarsa tare da maƙwabtansa waɗanda ba sa canzawa, ya gwada, ya aika wa abokan sha'awarsa na wasu ƙasashe su haɗa da nasu.

Ɗan'asabe ya tambaya ko biyansa ake yi. Nura ya ce a'a. Ya ce to me ya haɗa ka da shi? Na ce masa kai da kake kwana a gidan kallon ƙwallo kana ihu, wa ya taɓa biyanka? Ya ce Inna ta gama magana. Na sa ido na leƙa, na ga tauraron ja kamar garwashi, na ce wannan ai halin marigayi babanku ne da shi, yau fara'a gobe ɗaure fuska, kuma ba a san dalili ba.

Muka yi sallar asuba a wani masallacin bakin hanya, ni daga waje kan tabarma. Mai shayi ya haɗa mana mai kauri, muka haɗa da ƙosai mai zafi. Ƙosan Kadawa ba laifi, sai dai an yi masa rowar albasa.

Hanyar Bunkure

Daga nan hanyar burji muka bi, gefen ruwa, gona bayan gona, wasu sun fara yankan shinkafa, wasu na gyaran fangalin tumatir. A wani shinge 'yan sintirin ƙauye suka tsayar da mu, idonsu a kan bargon da na rungume. Babbansu ya ce Hajiya mene ne wannan? Nura ya fara dogon bayani da Turanci a ciki. Na ce masa ɗan saurara. Na buɗe bargon na ce madubi ne, wata ake kallo da shi. Mutumin ya leƙa bakin bututun ya ga fuskarsa ta yi faɗi, ya gyara hula, ya ce ashe masu neman watan azumi ne, a yi mana addu'a. Nura zai gyara masa na taka ƙafarsa. Muka wuce.

Bunkure ranar kasuwa ce, da hantsi muka shiga. Ɗan'asabe ya juya daga nan, ya ce hanyar Tudun Ɗinya ba ta ƙaramar taya ba ce. Na sayi goro da sabulu na ƙara a tsaraba, na sha fura a wurin wata Bafillatana da ta rantse nononta ko ɗigon ruwa babu. Na ce ai kuwa kanal na kusa. Ta ce ai kuwa shanun ne suka sha, ba ƙwaryar ba. Muka yi dariya, ta ƙara mini ludayi guda. Sai bayan azahar muka samu akori-kura mai komawa can, aka ba ni gaba, Nura ya hau baya kan buhunan taki da kayansa a cinya.

Tudun Ɗinya

La'asar sakaliya muka isa. Gari ne ɗan ƙarami a kan tudu, ba sandar lantarki ko ɗaya, yamma a buɗe fetal har inda ido ya ƙare. Sama wasai, ba ko ƙyallin gajimare. Na ga Nura yana murmushi shi kaɗai.

Mahaifin Zainabu, Alhaji Ado, manomin shinkafa ne, dattijo mai son baƙi. Nura ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, kai a ƙasa, ya gaishe shi da muryar da ko ni da ke kusa da kyar na ji. Alhaji ya amsa yana kallon wani gefe, kamar yadda aka saba. Matarsa Hajiya Kande ta ja ni ciki, aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe da zabi biyu. Muna cikin hira ta ce ai tun shekaranjiya Alhaji bai zauna ba saboda zuwanmu. Na ɗauka zancen zabi take yi.

Nura ya kafa madubinsa a masussukar ƙofar gida, ya daidaita, ya tafi masallaci. Ana sallame magariba sai na ji wani abu ya ɗauki ruri a bayan katanga. Kafin in ce mene ne, tsakar gida ta yi fari tas. Na fito zaure na leƙa. Ƙwayayen lantarki ne a jere a kan igiya, daga bishiyar ɗinya har masussuka, wani babba an rataye shi daidai kan madubin Nura. Ashe Alhaji janareto ya ɗauko haya daga Bunkure. An ce masa surukinsa zai ɗauki hoto da dare, shi kuwa a saninsa mai hoto haske yake so. Ga mutanen gari sun taru, an shimfiɗa tabarmi, yara sun sha wanka.

Na hango Nura tsaye gefen bututunsa kamar an dasa shi. Na matsa, ya ce a hankali, "Inna, ko Zara da kyar nake gani. Shi kuwa mai wutsiyar kafin isha zai faɗi." Na ce to ka je ka faɗa masa mana. Ya dube ni kawai. Ni ma na san zancen banza na yi. Yaron da ba ya iya haɗa ido da surukinsa, shi zai ce masa kashe wutar da ka wahala ka ɗauko domina, a gaban mutanen garinsa? Ya fara kwance kyamarar, ya ce ba komai, Allah bai nufa ba.

Na ce mayar da ita hannunka, ka biyo ni.

Na je gaban Alhaji na rusuna, na yi masa sannu da ɗawainiya, na ce irin wannan haske ko a Kura sai gidan biki. Na ce Zainabu ta yi kewar gida, tunda ga wuta ga jama'a, a fara ɗaukar mata hoton 'yan'uwanta tukuna. Fuskarsa ta washe. Sai dai ban yi lissafin babbar riga ba. Alhaji ya ce bari ya sako ta. Hajiya Kande ta ce ita ma sai ta sake ɗauri. Aka aika kiran wani ƙanensa daga bayan gari. Ni ina jera yara, dogaye baya gajeru gaba, ina satar kallon yamma, jan da rana ta bari yana ta ƙanƙancewa. Nura ya saita kyamara. Ya ɗauka sau uku, ya nuna wa Alhaji ta hannun wani yaro. Hoto ya yi kyau, kowa ya fito har da akuyar da ta kutso.

Nan na ce, "Alhaji, na ƙasa ya samu albarkacin wutarka. Saura na sama, shi kuma an ce kunya gare shi, ba ya fitowa sai an kashe fitila."

Ya ɗaga kai ya kalli ƙwayayen nan nasa. Can sai ya ce, "Hajiya, wato duhu kuka zo nema?" Na ce shi ne abin da muka rasa a Kura. Ya kwashe da dariya har yana riƙe hula, ya ce shekara da shekaru suna roƙon a kawo musu wuta, ashe suna zaune kan abin da mutanen birni ke hawa mota su zo nema. Da kansa ya zagaya ya kashe injin. Ya kuma ce duk wanda ya kunna tocila ko waya, shi da shi ne.

Da farko ba na ganin ko tafin hannuna. Sannu a hankali taurari suka dinga fitowa kamar ana watsa gero. Wata yarinya ce ta fara cewa ga shi can. Sama da Zara ta hannun dama, wani ɗan haske da jela doguwa ta miƙe sama, kamar an ja tsintsiya a kan garin tuwo. Wurin ya yi tsit, sai salati ƙasa-ƙasa. Wata tsohuwa ta ce a zamaninsu in ya fito cewa ake wani babba zai tafi. Liman ya ce halitta ce cikin halittun Allah, tafiyarta take yi.

Nura ya mayar da kyamarar gindin bututun, sai ƙararta kake ji, ƙyas, ta yi shiru, ƙyas. Ashe ba ɗaya ake ɗauka ba, da yawa ne, daga baya kwamfuta ta ɗora su kan juna wutsiyar ta fito sosai. Da ya tabbatar ya samu, ya cire kyamarar ya sa gilashin leƙawa. Sai na ji muryarsa ras, irin wadda yake yi wa ɗalibai: "Baba, matso nan. Rufe ido ɗaya. A'a, kar ka riƙe shi." Na waiga. A cikin duhun nan autana ne dafe da kafaɗar surukinsa yana gyara masa tsayuwa, Alhaji kuwa sai tambaya yake jero masa, nisansa nawa, me ya sa jelar ta kalli sama. Hajiya Kande ta mintsine ni, na mintsine ta. Ana kiran isha tauraron ya shige bayan itatuwa.

Dawowa

Da safe Nura ya tuɓe takalmi daga nesa, ya tsuguna, kai a ƙasa. Alhaji ya amsa yana kallon wani gefe. Ba wanda ya ta da zancen jiya. Sai da muka hau mota ya aiko ƙanensa ya ce a faɗa wa yaron nan a wanko masa hotunan biyu, manya. Aka cika mu da tsaraba, sabuwar shinkafa da kabewa da ƙwan zabi.

Ta Bunkure muka biyo, muka samu mota har Kura, kafin azahar muna gida, ƙafafuna sun kumbura kamar na je Makka a ƙasa. Nura bai ko ci abinci ba ya shige ɗaki da kwamfuta. Da yamma ya fito da ita ya ajiye gaban Zainabu. Ga tauraron nan fes, kai fari, jela har gefen allo, a ƙasa kuma inuwar ɗinyar ƙofar gidansu. Ta daɗe tana kallo da jaririya a kafaɗa, ta ce a gindin bishiyar nan ta koyi tatsuniya, ba ta taɓa ɗaga kai ba.

Alhamdu lillahi da Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Ɗan'asabe, da direban akori-kura da ya ba ni gaba, da Hajiya Kande da zabinta. Alhaji Ado kuwa godiya biyu yake bina, ta wutar da ya kunna mana da ta wadda ya kashe. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.