Idon A'i Mai Masa

Duk wanda ya san Ƙofar Ran ya san A'i mai masa. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana zaune gaban tanda a ƙofar gidansu, tun rasuwar mijinta Sabitu, direban motar haya. 'Ya ɗaya ya bar mata, Madina. Tun yarinyar ba ta iya ɗaura zane ba take zama gefen uwar, tana zuba wa masu saye miyar taushe.

Shekarar da Madina ta shiga ajin ƙarshe na sakandare, ganinta ya zama sai an yi sa'a. Ta fita da sassafe, daga makaranta ta zarce darasin yamma, ranar Asabar kuma tana can tana koyon amsa tambayoyin JAMB a kwamfuta. Ga shi ita ce shugabar ɗalibai mata. Ko abinci da littafi a cinya take ci. A'i takan buɗe baki za ta yi mata hira, ta ga kan yarinyar a sunkuye, sai ta haɗiye abinta.

A shekarar ne idon A'i na dama ya fara gani dishi-dishi. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe shi, sai an yi aiki, kuma sai da mai jinya na mako biyu. Ta yi godiya, ta ninke takardar, ta tura ƙarƙashin katifa. Ta ci gaba da suya, ludayi na kauce wa gurbin tanda, mai na fallatsar mata a hannu.

Asiri bai tonu ba sai ranar da Madina ta samu gurbin karatun harhaɗa magunguna a Maiduguri. Da murnarta ta miƙa wa uwar waya ta ga sunan da kanta. A'i ta kai wayar dab da hanci, ta karkata kai. Nan Madina ta ga farin da ke cikin idon, ta ga tabon ƙuna a yatsun.

"Inna, tun yaushe?"

"Tun kafin azumi."

"Shi ne kika ɓoye mini?"

"In faɗa miki, ki ajiye littafi ki ɗauki ludayi?"

Madina ta fashe da kuka, ta ce ta fasa tafiya bana.

"Kul," in ji A'i. "Ban ƙona hannuna don ki zauna ba."

Aka yi aikin saura wata guda a buɗe jami'a. Madina ta karɓi tanda, masu saye suna ƙorafin masar ba ta tashi ba. Sau huɗu a rana takan ɗiga wa uwar magani, su zauna suna hira. A nan ne ta fara jin yadda iyayenta suka haɗu, da kalmomin ƙarshe da ubanta ya faɗa.

Ranar tafiya A'i ta raka ta tasha. Ta ga fuskar 'yarta tar ta tagar mota, ta ɗaga hannu, ba ta bari hawaye ya zubo ba. Ta hau keke napep ta dawo, ta zauna a tsakar gida har la'asar ba ta taɓa komai ba.

Waya ta yi ƙara. Madina ce, sun wuce Damaturu.

"Inna, kin sa maganin?"

"Na sa."

Ba ta sa ba. Ta miƙe ta shiga ɗaki neman kwalbar.