Ranar Da Aka Tambaye Ni Ko Ɗana Ne

Shekarun baya, zamanin Turawa, ruwa ya cinye mana shinkafa da gero a ƙauyenmu na wajen Auyo. Ina goyon ɗan farina, nono ya ƙafe. Yaro ya rame, ƙafafu suka kumbura, gashi ya yi ja. Sai aka yi shela wai gwamnati na raba wa masu goyo madarar gari a Haɗeja. Maigidana ya sa mu a kwalekwale.

Ku 'yan yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba. A lokacinmu uwa ba ta kiran sunansa, ba ta cewa nata ne a gaban mutane. Ni kuwa har yabona ake yi, wai na fi kowa kunya. Kun ji abin alfaharina!

Da layi ya zo kaina, Baturiyar da ke rabon ta yi magana, tafinta ya ce, "Ke, wai ɗanki ne?"

Mata cike da rumfa, har da dangin mijina. Na sunkuyar da kai na ce, "Na gidanmu ne."

"Sunansa fa?"

Na ƙara sunkuyar da kai.

Wallahi mutumin nan ɗan ƙasa ne, ya sani sarai. Uwarsa ma haka ta yi. Magana ɗaya zai gaya wa Baturiyar a wuce wurin. Amma ya yi 'yar dariya, ya yi mata Turanci, ya juyo ya ce, "Ta ce aro kika yi don ki sami madara. Matsa, a ba masu 'ya'ya."

Aro! Yaron da na yi naƙudarsa!

Da ranar rabo ta zagayo na ce wa maigida, "Malam, mu koma. Ko gaban Sarki ne yau zan faɗa." Ba mu kai rabin hanya ba na ji goyon ya yi sanyi a bayana.

Ban ce madara na hana ajali ba. Baturiya baƙuwa ce, na bar ta da rashin saninta. Amma tafintan nan, har yau in na tuna dariyarsa abinci ba ya shiga bakina. Ban yafe ba.

Jikokina na tsokanata wai ban taɓa kiran sunan ɗan farina ba. Na kira. A cikin kwalekwalen nan, da ƙarfi, a gaban ubansa. Bai amsa ba.