Garin Shinkafa a Bakin Ƙofa

Har yau in na ga tururuwa sun yi layi a bakin ƙofa sai raina ya ɓaci, kuma kawuna ne sila. Allah ya jiƙansa, amma a kan wannan maganar ban taɓa ba shi gaskiya ba.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ina tuƙa motar ɗaukar dabino a wata gona can gaba da Jurf a bayan garin Madina, bayan an wuce iyakar Harami. Kawu ne maigadi, shi ya kawo ni daga Sudan. Ɗakunanmu a jere suke, na ƙarshe kusa da famfo na wani Ba'indiye ne mai gyaran injin ban ruwa, mabiyin addinin Hindu. Ba ya shiga cikin Madina, in yana son abu a kasuwa ni yake aika. Kafilinmu, wato mai gonar, ya san addininsa, ya kuma kafa masa sharaɗi ɗaya: abin da ke cikin ɗaki ya tsaya cikin ɗaki, ranar da ya fito fili to zamansa ya ƙare. Mutumin nan ya daɗe yana kiyayewa, don da aikin nan yake riƙe da gidansu kaf.

A shekarar da nake magana, matarsa ta haihu can ƙasarsu bayan dogon jira. Da bikinsu na fitilu ya matso, sai ya ce bana cikakken biki zai yi don godiya. Ya roƙe ni in kama masa gyaran ɗaki. Na kama, me zai hana? Mutumin da ya yi jinyata lokacin da masassara ta kwantar da ni.

Ban taɓa ganin ɗaki ya sha juyi haka ba. Kabad ɗin ƙarfe sai da muka ja shi kusurwar kudu maso yamma, wai can ne wurin abu mai nauyi. Gado muka juya don kada kai ya kalli arewa. Ina tsokanarsa ina cewa injin nasa ma bai samu wannan gatan ba, shi ko sai dariya. Kusurwar arewa maso gabas ya share ya goge, ya kifa kwalin dabino ya rufe da jan ƙyalle, ya jera hotunan abin bautarsa, kowanne bai fi tafin hannu ba. Nan na ja baya, ba hurumina ba ne, shi ma bai nema ba. Fitilunsa gwangwanayen kifi ne da mai da lagwanin auduga.

Abu ɗaya ya rage. A wurinsu, ranar bikin ana barin ƙofa a buɗe, a yi zane da garin shinkafa a bakinta, don albarka ta ga hanya, tururuwa ma su samu rabonsu. Da la'asar ya tsuguna ya yi ɗan zanensa, bai kai faɗin faifai ba.

Kawu kuwa yana fama da ciwon suga, ƙafarsa ta kumbura, amma ya rantse sammu ne. Ya zo wucewa famfo da butarsa, ya ga farin zane a kan hanyar da yake bi kullum. Shi ke nan! A garinmu abin da aka barbaɗa a bakin ƙofa don a tsallaka sunansa ɗaya. Ya yi tsalle ya dire, da ƙafar tasa, ya ce yau Allah ya tona asirin mai yi masa aiki. Ya sheƙa wa zanen ruwa, ya murje da takalmi, ya tara mana ma'aikata.

Na ce, "Haba Kawu, garin shinkafa ne fa." Na dangwala na lasa a gaban kowa. Sai ya ce ai ga shi nan, ni ma an shanye ni.

Wallahi da ba ƙanin mahaifiyata ba ne, da na faɗa masa wadda ba zai manta ba. Mutum ka ƙi shan magani, ka wuni kana jefa dabino a baki kana kora wa da shayi mai kauri, sannan ka ɗora wa bawan Allah? Ba'indiyen yana tsaye, hannuwa haɗe a ƙirji, yana ta ba shi haƙuri da guntun Larabcinsa, yana kiransa ammi, wato kawu.

Kawu bai tsaya nan ba, ya kira kafili. Ya zo, ya leƙa ta ƙofar da ke buɗe, ya ga kwali da fitilu, ya dubi taron mutane. Na san ba ya so, amma magana ta riga ta fita, kuma shi ma tsoron kansa yake ji. Na bi shi har mota ina roƙo. Ya ce halas, wato aikin Ba'indiyen ya ƙare, ya ja gilashi. Fitilun nan ko kunna su ba a yi ba.

Ni na kai Ba'indiyen tasha ranar da zai tafi. Kafin ya sauka ya miƙo mini wani gwangwani. Alawar madara ce da ya dafa don rabon biki, ya yanka ta daidai da yawanmu. Akwai wani ƙunshi daban a gefe, ya ce wannan na ammi ne, bai sa masa sukari ba saboda ƙafarsa.

Da na dawo na wuce ta ɗakin. An riga an zuba buhunan taki a ciki, tururuwa suna kwashe ɗan garin da ya maƙale a tsagin siminti. Na samu kawu a kan bencinsa, ƙafa na nan yadda take. Na dire masa ƙunshin a cinya, na gaya masa wanda ya aiko da dalilin da ya sa nasa ya bambanta. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaye ni ko motar tasu ta riga ta tashi. Na ce masa tun ɗazu.